Fuskar Firaminista a Zanen Goggo

Abin da na fara gani da muka isa filin jirgi shi ne fuskar mutum ɗaya a jikin mata goma sha biyu: gemu, tabarau, murmushi. A zanen Goggo, yayar Baba, tela ya kifa shi, kansa yana kallon ƙasa.

Ina aji shida lokacin. Bayan shekaru yana jan tasi a unguwar Queens, can ƙasar Turawa, Baba ya samu aikin direba a ofishin jakadancin wani ɗan tsibiri, gwajin wata uku. Da aka ce masa firaministansu zai zo babban taron shugabannin duniya na watan Satumba, kuma shi kaɗai zai je ɗauko shi, abinci ya gagare shi.

"Shugaba guda, ba jiniya, ba 'yan tarba? Ko kansila a garinmu ba ya sauka haka," in ji shi.

Bai shawarci kowa a ofis ba. Da wayarsa ya ɗauki hoton firaministan da ke rataye a bangonsu, ya tura wa ƙaninsa a Kano aka buga atamfa. Mama ta tara ƙawayenta. Aka samo mai kalangu daga unguwar Bronx, wanda ya yi kwana uku yana fama da sunan tsibirin, ya haƙura, ya ce zai kira shi "na tsakiyar ruwa". Ni aka ba furanni, don ni ce ba na surutu.

Can sai ga wani siririn mutum yana jan akwatinsa da kansa, ƙafar akwatin ɗaya tana ƙara. Ya tsaya gaban kwalin da Baba ya ɗaga mai sunan ƙasar. Ba gemu, ba tabarau. Ya daɗe yana duban zanen Goggo, har ya karkata kai.

"Yaronsa ne wannan?" in ji Mama. "Ina maigidan?"

"Shi ne mana," in ji Goggo. "Aski ya yi. Kuma jirgi yana ramar da mutum."

Kalangu ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, wani ɗan sanda ya juyo. Mama ta tura ni gaba. Na miƙa furannin ina kallon takalmansa, igiyar ɗaya a kwance. Ya sunkuyo ya ce mini da Turanci, a hankali:

"Wannan na jikin rigarki, majalisa ta sauke shi watan jiya. Ni na kawo ƙudurin, ni kuma na gaje shi."

Na waiwaya. Baba yana kokawar karɓe akwatin, fuskarsa sai sheƙi take. Saura masa sati biyu gwajin ya cika, kuma tun da ya bar tasi ya daina ɗingishi da safe.

Ban taɓa yi wa babba magana ba sai ya tambaye ni. Na cire tabarauna, mai ruwan hoda da faci a hannu ɗaya, na miƙa masa a ƙarƙashin furannin.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka sa wannan har mu kai mota, ka ɗan yi kama da na hoton. Kuma in kun je ofis, ka ce Baba shi kaɗai ya zo."