Fuskar da Ta Ƙi Bushewa

Shekarar da aka ce mu malaman firamare mu koma ƙaro karatu, ina da 'ya'ya uku, ga ta huɗu, jaririya, a bayana. Litinin zuwa Juma'a ina koyarwa a Sara, Asabar da Lahadi kuma in hau mota zuwa Birnin Kudu in zauna a benci ana koya mini. Daga cikin darussan akwai na zane da aikin hannu. A tsakiyar damina malamin ya ce kowa ya yi abin rufe fuska da hannunsa, irin wanda yara ke sawa a tashe, amma mai kyau, wanda za a ba wa maki. Ya ce mu fara zana shi a takarda, mu san abin da muke so fuskar ta faɗa.

Ni mace na zana, mai faɗin goshi, tana murmushi. Ban yi wani dogon tunani ba. Murmushi ne ya fi mini sauƙin zanawa.

Da ƙwarya na fara. Ina cikin huda gurbin ido na biyu ta tsage har baki. Sai na koma hanyar da malamin ya kwatanta: a yayyaga tsofaffin takardu, a dama sitaci, a riƙa liƙa su a bayan ƙwarya har su yi kauri, in sun bushe a ɓamɓare. Na kwaso takardun jarrabawar bara daga makaranta, nakan zauna bayan la'asar, yarinyar tana tsotso, hannuna ɗaya a cikin sitaci. Hanci na yi da dunƙulen takarda, leɓe da igiyar rama.

Da abin ya fara kama da mutum, surukata, wadda muke gida ɗaya, ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo. Ba mai faɗa ba ce. Ta tambaya ko dole ne, na ce dole ne.

"To, ki yi haƙuri 'yar nan," ta ce, "amma kada siffar nan ta kwana a ɗakin da ake salla."

Na ce to, Inna. Ban ji haushi ba, ni ma abin bai kwanta mini sosai ba. Na mayar da ita rumfar da muke ajiye itace. A can danshi ya same ta. Ranar da rana ta leƙo in shanya ta a kan katanga in tafi makaranta, kafin a tashi hadari ya haɗu, ina gaban allo hankalina yana kan katanga. Funfuna ta fito mata a kumatu, ɓera ya ci gefen haɓa saboda sitacin. Na kankare, na sake liƙawa. Mijina, da ya dawo daga gona ya gan ni, ya ce wannan karatu har da ciyar da ɓera. Ya yi dariya, ni ban samu ƙarfin taya shi ba.

Wadda ta cece ni maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya, Kirista, da aiki ya kawo ta garinmu. Ta ce in kawo ta rataye mini a madafinta, sama da murhu. A nan fuskar ta bushe, sai dai zafi ya murɗe ta. Goshin ya lotsa, gefen baki ɗaya ya zazzago, murmushin ya tafi. Maƙwabciyar ta juya ta a hannu ta ce in sake wata, za ta taya ni yayyaga takarda. Na dubi kwanon sitaci da ya bushe, na dubi tulin wankin da ke jirana, na ce a'a. Na shafa mata jar ƙasa da aka kwaɓa da ƙaro, na zagaye idanun da baƙin tukunya, na ɗinka tsohon gyalena a sama ya zama ɗankwali. Ba ta yi kyau ba. Amma ta gamu.

Ranar kaiwa na sa ta a kwali na rungume a cinya, goyo a ƙirji, mu huɗu a kujerar baya. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ɗaga kwalin. Wani dattijo a gefena ya tambaya ko ƙwai ne, na ce kusan haka.

Muka jera ayyukanmu a kan tebura muna jira. Wasu da gani a kasuwa suka sayo na roba suka shafa fenti, ba wanda ya ce komai. Azahar ta wuce malamin bai zo ba. Can shugaban aji ya shigo da waya a hannu ya ce malam ya yi tafiya, ya ce kowa ya ɗauki hoton aikinsa ya tura masa. Wata a bayana ta ce da ta sani, a gida ma sai ta ɗauki hoton. Na roƙi wata ta ɗaukar mini, don wayata ba ta hoto mai kyau. Ta ce in saka ta a fuskata. Na saka. Ciki warin hayaƙi da sitaci, a jikin takardar da ke gefen hudar idon kuma ina iya karanta amsar wani ɗalibina a juye. Yarinyar ta ɗago ta gan ni ta fasa kuka, na yi sauri na cire.

Ban dawo da ita gida ba. Na bar ta a tagar ajin tare da na wasu, kuma mako na gaba babu ko ɗaya. Makin da ya fito daga baya matsakaici ne, irin wanda kusan kowa ya samu.

A motar komawa ranar, yarinyar ta yi barci, ni ma na bi ta. Ban san mun wuce Sara ba sai da direba ya buga ƙofa ya ce, "Malama, nan fa Gwaram ce." Na sauko na zauna a bencin mai shayi ina jiran motar da za ta mayar da ni, ga hadari yana tasowa daga gabas, ga tuwon dare ban ɗora ba.