Ruwa Ya Nemi Hanyarsa

Duk layin an san Goggo da abu biyu: keken ɗinkinta da ba ya hutawa, da kuma riƙo. In ka yi mata alheri, har jikokinka sai sun ci albarkacinsa. In kuwa ka taka ta, ba za ta zage ka ba, ba za ta kai ƙara ba. Ajiye maka kayanka za ta yi har ranar da za ka zo ɗauka.

Gidanta ne na biyun ƙarshe a gangaren layin. Tun da suka tare ta tarar da yadda ruwa yake tafiya. In an yi ruwan sama, na layi ya shigo ta ƙofar gida, ya haɗu da na indararo, ya ratsa tsakar gida, ya fice ta wata kafa a gindin katanga zuwa gidan da ke ƙasa, daga can ya faɗa babbar kwata. Mijinta, tsohon direba, shi ne mai kula da wannan hanya. Da bazara ta kama sai ya ɗauko tsani, ya bi ƙusoshin kwano yana dannawa, ya kwashe busassun ganye daga indararo, ya duba wayar wuta ko ɓera ya ci, ya zura sanda ya yashe kafar nan tas.

"Malam, ko motarka ba ka yi mata wannan gatan ba," in ji Goggo, tana tsokanarsa.

"Mota in ta lalace sauka ake yi," ya ce. "Gida fa?"

Ana nan sai wani mai sayar da siminti ya sayi gidan ƙasa. Mutum ne mai hanzari, komai nasa yanzu-yanzu. Bai tambayi kowa ba ya toshe kafar da bulo, ya gina ɗakin ajiyar kaya a kan hanyar ruwan. Ƙofar ɗakin tana kallon layi, kuma bai yi mata dokin ƙofa ba, ya bar ta daidai da ƙasa don baro ya riƙa shiga ba tangarɗa. Tsohon direba ya je har sau biyu ya yi masa magana ta lalama, aka ce masa za a duba.

Ba a duba ba. Damina ta sauka, ruwa ya shigo ya rasa mafita, ya kwanta a tsakar gidan Goggo har gwiwa. Bangon madafa ya sha ya ƙoshi. Tsohon yana tsaye a gindinsa yana kwalfe ruwa da bokiti, bangon ya zubo masa a ƙafa. An ɗora ƙashin, an sake ɗorawa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Mutumin da yake yawo a kan rufi kamar a tsakar ɗakinsa ya koma sai an kama shi zai kai ƙofar gida.

Goggo ta yafa mayafi ta je ta sami Mai Siminti a gaban ɗakin nasa, ana sauke masa kaya.

"Ɗan nan, ka ga abin da toshewarka ta jawo. Ka buɗe kafar."

Ko ɗagowa bai yi sosai ba. "Haba Goggo, ni na aiko ruwan? Ruwa ai ba a koya masa hanya, ya nemi hanyarsa mana. In gidan ya fi ƙarfinku ku sayar mini, ku huta."

Masu sauke kaya suka yi dariya. Ta juya, ta ɗauki maganar nan ta naɗe ta, ta ajiye inda ba ta mantuwa. Ta tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda take hana mutum jin daɗin ruwan da yake sha.

Babban ɗanta ya zo ya ƙara mata zafi. Ya ce wallahi in ruwa ya sake shiga gidan nan a damina mai zuwa, sayar da shi zai yi ya kwashe su, ba zai zauna bango ya kashe masa uba ba. Kuma kowa ya san wanda zai saya. Gidan da ta haifi 'ya'yanta duka a ciki, a ce ya koma wurin jibge buhu? Ta ce sai dai bayan ranta.

Rani na kamawa ta fara. Ta kira birkila ya tayar da bangon madafa, ya yi wa gindin kowane bango sabon yaɓe. Ta sa aka cike tsakar gida da ƙasa, aka karkata ta zuwa waje. Indararon da suke zuba a ciki duk aka juya su, aka haɗa da bututu suna fita layi. Sannan ta nuna ƙofar gida ta ce a ɗaga dokin ƙofar, a ɗaga shi sosai.

Birkilan ya tsaya da cokalin gini a hannu, ya kalli gangaren layin, ya kalle ta. "Goggo, in aka ɗaga nan, duk ruwan layin nan ina zai je?"

"Kai ruwa ne? Yi aikinka."

Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne, duk simintin aikin a wurin maƙwabcin nata ta saya. Shi kuwa har da ragi yake yi mata, yana washe baki, a zatonsa gyara masa gida ake yi kafin ya karɓa.

Mijinta yana zaune a inuwa yana kallon komai, ya fi kowa sanin inda aka dosa. "Ki bar wa Allah mana," ya ce a hankali.

"Na bar masa, Malam. Gidana nake gyarawa. Ko shi ma laifi ne?"

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Da hadari ya fara haɗowa ta tare matar Mai Siminti a bakin famfo ta ce, "'Yar nan, akwai mai kwana a ɗakin kayan nan? Yara suna wasa a ciki?"

"A'a Goggo, siminti ne kawai, cike yake har rufi. Jiya ma aka kawo sabon kaya."

"Madalla. Ki dai hana yara shiga in ana ruwa, kuma ki sa a kashe wutar ɗakin."

Ruwan farko yayyafi ne, na biyu ma bai taka kara ya karya ba. Na uku ya zo da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Goggo ta ajiye ɗinki, ta ɗauko kujera ta zauna daga cikin ƙofa. Ruwan layi ya gangaro jawur, ya daki sabon dokin ƙofarta, ya ja da baya, ya haɗu da na bututunta, suka wuce tare. Ƙofa ta gaba babu abin da ya tare su. Hanyar da aka share wa baro ita suka bi, suka shige ɗakin siminti ba sallama.

Ta ji ihu, ta ji ana neman bokiti, ta ga ana tura tsummoki a bakin ƙofa ruwa yana ɗauke su. Tsakar gidanta kuwa ko kaza ba ta jiƙa ƙafa ba. Can sai ga Mai Siminti jiƙe sharkaf, wando naɗe har cinya, yana haki.

"Goggo, kin kashe ni. Duk ruwan layin nan kaina kika juyo."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta yi gaggawa ba, don shekara guda ta yi tana jiran wannan tsayuwar tasa.

"Haba ɗan nan, ni na aiko ruwan? Ruwa ai ba a koya masa hanya."

Ya gane maganarsa ce aka mayar masa.

Kafin mako ya zagayo buhunan ƙasa duk sun daskare sun zama duwatsu, na sama sun sha danshi sun yi gudaji. Da hannunsa ya ɗauki guduma ya fasa daɓen ɗakin, ya tono tsohuwar hanyar ruwa, ya cire bulon da ya toshe kafar. Babban ɗan Goggo ya zo ya zagaya gidan, ya taɓa bango ya ji shi a bushe, bai sake tayar da zancen sayarwa ba.

Buhunan da suka daskare an zubar da su a bakin layi. Goggo ta zaɓi guda mai kyan fasali ta sa aka mirgino shi ƙofar gidanta, ta ɗinka masa matashi. Kullum da safe takan kamo mijinta ta zaunar da shi a kai, ta miƙe masa karyayyiyar ƙafar a kan hanya. Layin ba shi da faɗi, kuma ba wata hanyar fita. Dole Mai Siminti ya rage tafiya, ya kewaye ƙafar, ya ce, "Baba, ina kwana, ya ƙafa?"

Tsohon yakan amsa masa da sakin fuska. Goggo ba ta amsawa. Tsanin yana nan kwance a bayan madafa, ta hana kowa aronsa.