Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Muna aji biyar a sakandare a Talata Mafara aka ce ɗaliba ɗaya za ta je gasar lissafi a Gusau. Mu biyu muka rage, ni da wata 'yar Maradun mai sanyin murya. Malamin lissafi ya rubuta 1,000,001 a allo, ya ce mu gano ko akwai lambar da ke raba ta ba saura, ban da ɗaya da ita kanta.

Mara ce, don haka biyu ta fita. Uku da biyar ma suka ƙi. 'Yar Maradun ta gwada har sha uku, ta gaji, ta rubuta cewa ba ta rabuwa. Malam ya ce haka ne, ya fice. Ni ban yarda ba. Na zauna gindin darbejiya ina ta rabawa, kowace lamba tana barin saura, har na kai ɗari da ɗaya. Ta shiga sau 9,901 cif.

Na ruga ofishin malamai. Ban yi sallama ba, ban durƙusa ba, ban tambayi gajiya ko iyali ba. Ga abokan aikinsa zaune.

"Malam, ka yi kuskure. Ɗari da ɗaya na raba ta."

Ya ɗago kai. "Ke ɗiyar wa ce? Gidanku ba a gaisuwa?"

"Duba takardar dai."

"Mi zan duba? Fita."

Maganar ta riga ni isa gida. Gwaggona ta Bakura, wadda nake zaune wurinta, ta ce, "Ke da bakinki kamar reza. Ko gaskiya gare ki, a gaban mutane ake faɗa wa babba?"

Washegari ta sayi goro ta tasa ni gaba har wurin Malam. Na durƙusa, na gaishe shi tun daga kwana har sanyi, har yara, har aiki. Na ajiye takardata kusa da goron. Ya ce ya yafe, Allah shi yi albarka. Ya ɗebi goro biyu ya naɗe a takardar, ya miƙa wa wani malami.

An riga an tura suna, ba nawa ba. Ranar tafiya 'yar Maradun ta ja ni bayan aji, ta gaishe ni tsaf, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Na gwada, 'yar'uwa. Tana rabuwa."

"To je ki faɗa masa."

Ta gyara hijabinta, ta shiga mota.