Jirgin da Mijin Yayata Ya Ƙera a Gareji

Mijin yayata ya yi shekaru yana ƙera jirgin sama a garejin gidansu a Sterling, garin da muke zaune a ƙasar waje. Jirgi na gaske, mai kujera biyu da farfela a hanci. A akwatuna ake aiko masa da kayan, shi kuma yana haɗawa duk ranar da ba ya aiki. Motar yayata ta koma kwana a waje, ta sha rana ta sha ƙanƙara. Asalin aikinsa kula da na'urori ne a wani ƙaton gini marar taga, amma tun da ya samu lasisin tuƙin jirgi ya hana a ce masa Injiniya. Kyaftin yake so.

Da ya gama, aka kai jirgin wani ƙaramin filin jirgi can wajen gari ta ɓangaren duwatsu, don sararin samaniyar babban birnin ƙasar, wanda ke kusa da mu, ba wurin yawon ganin dama ba ne. Sai neman fasinja. Yayata ta ce 'ya'yanta ba za su rasa uwa da uba rana ɗaya ba. Fastonmu ya ce zai taya shi da addu'a daga ƙasa. Ni kuwa bakina ne ya ja min. Muna cin tuwo na ce mutumin da famfon banɗakinsa ya gagare shi ne zai kai wani sama? Ya suɗe yatsunsa a hankali ya ce, "Ƙanwata, ranar Asabar ki shirya." Kowa ya zuba min ido, na kasa janyewa.

Asabar ta zo da hadari. Na nuna masa sama, ya nuna min wayarsa. "Ta ce sai yamma za a yi ruwa," in ji shi, kamar da ita ake shawara kafin a sako shi.

Da farko abin ya ba ni sha'awa. Gonaki kore shar, kogi yana lanƙwasa a ƙarƙashinmu. Shi kuma ya buɗe min makaranta ta abin da muka sa a kunne, yana gaya min sunan kowace ƙusa da ranar da ya ɗaura ta.

Sai yayyafi ya fara. Ruwan ba ya gangarowa a gilashi kamar na mota, gudu yake yi a kwance ya wuce baya. Ba a jima ba na ji ɗigo a cinyata, daga inda murfin gilashin ya haɗu da jikin jirgin.

"Yaya, jirginka yana yoyo."

"Ba yoyo ba ne, danshi ne."

Danshin ya jiƙa min wando har gwiwa.

Muna cikin wannan musu gajimare ya haɗiye mu. Fari fat ko'ina, babu sama babu ƙasa, ko ƙarshen fiffiken ba na gani. Jikina yana ce min mun karkata hagu, allon na'urorin da ke gabansa yana cewa dama. Makaranta ta tashi. Aikin jinya nake yi, na san fuskar mutumin da jininsa ya hau. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, hannunsa ya ƙame a sandar tuƙi, leɓɓansa na motsi da wata waƙar coci irin ta ƙauyenmu. Daga baya na ji cewa lasisinsa bai ma ba shi izinin shiga gajimare ba.

Ya danna rediyo ya nemi taimako. Muryar wata mata mai kula da zirga-zirgar jirage ta amsa, a natse kamar mai sayar da shayi. Ta ce ya daina duba waje, ya kafa ido a allo, ya juya kaɗan, ya sauko a hankali. Duk abin da ta ce sai ya amsa da wani irin ladabi da ban taɓa jin ya yi wa yayata ba tun aurensu.

Can muka ɓullo ta ƙarƙashin gajimaren, na hango titi da rufin gidaje, na ji kamar in rungume su. Matar ta kwatanta mana wani filin jirgi kusa. Jirgin ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa, kafin ya yarda ya tsaya.

Yayata ce ta tuƙo mota cikin ruwa ta ɗauko mu.

Ranar Lahadi ya miƙe a coci zai ba da shaida. Ya ce Ubangiji ya ba shi natsuwa a tsakiyar hadari, har ya samu damar kwantar wa ƙanwarsa hankali, wadda take ta ihu tana kiran uwarta. Ban yi ihu ba. Matar rediyo kuwa ko ambatonta bai yi ba. Jama'a suka tafa, wata tsohuwa har da share hawaye.

Na ɗaga hannu ni ma ina da shaida. Yayata ta damƙi zanina ta mayar da ni kujera.

"Ki bari," ta ce min a kunne. "Ni ce zan koma gida da shi."