Rariyar Malam da kunun kanwa

Ni an san ni da baki. Tun ina ƙarama Inna ke cewa ba a kayar da ni a gardama. Amma shekarar da ƙanwata ta yi haihuwar fari na yi shiru inda ya kamata in yi magana, kuma saura ƙiris shirun nan ya ci ta.

A Sabuwa take aure. Da cikin ya tsufa aka dawo da ita gida Yargoje, ta haihu lafiya, aka shiga wankan jego: tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa cike da kwano, wanda Inna ke zuba wa kanwa ba da tsoro ba. Ni kuwa ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Yankara. Na zo dubiya bayan sati uku, na tarar ƙafafun ƙanwata sun kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara sai ta tashi zaune. Na ce wa Inna a rage kanwar nan, a sassauta zafin ruwan. Kamar na zagi kakarta! Wai ita da ta yi jego tara, ni da karatun jiya zan koya mata? In ina da gaskiya, in kawo mata inda likita ya rubuta kanwa na cutar da mai jego.

Na ɗauki maganar da zafi. A satin ana yi mana bita a Ƙanƙara kan yadda ake nemo binciken likitoci a kwamfuta. Mai koyarwar wani dattijo ne da ya tsufa a aikin laburare, muna ce masa Malam. Rubuce-rubucen sun fi ƙarfin ƙirge, saboda haka sai ka jera wa kwamfuta kalmomi da sharuɗɗa ta tace maka. Wannan jerin Malam ke kira rariya.

Na haɗa tawa: kanwa, mai jego, Katsina, kuma binciken shekaru goma na baya-bayan nan kaɗai, don ni ba ruwana da tsohon yayi. Ba abin da ya fito. Na ce wa kaina wataƙila kumburin jego ne kawai, Inna ta fi ni gaskiya. Kwana biyu ban sake tayar da zancen ba.

Ran Laraba Malam na zagayawa ya tsaya kaina, ya tambayi abin da na samo. Na ce babu komai a kai.

"Babu, ko ba ki samu ba?"

Na ji haushi, wallahi. Na ce ai duk ɗaya ne. Ya yi murmushi, ya ce mace mai hankali ba ta yarda da sabuwar rariya sai ta fara tankaɗe garin da ta sani. Ya ce ya san takardu biyar kan wannan magana tun ban iya ɗaura zane ba. Ya rubuta mini kanunsu, ya ce in duba ko rariyata ta kamo ko da guda. Ko ɗaya babu.

Sai ya sa na riƙa cire sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Katsina ya ce, "Ɗiyata, lokacin da aka rubuta waɗannan, ina jihar Katsina take?" Ashe ba a ma ƙirƙiro ta ba. Matan da aka duba namu ne, na wannan yanki, amma da wani suna ake kiran jihar. Ni da aka haifa na tarar da Katsina, ban taɓa kawo haka a raina ba. Na cire ta, na cire shekarun, ya ƙara mini sunayen da Turawa ke kiran kanwa. Duk biyar ɗin suka fito, da tarkace da yawa da ba su shafe ni ba. Na fara ƙorafi, ya ce inda rai ke ciki gara ki tsince dusa da hannu da a ce gari ya maƙale.

Na karanta ta farko. Kumburi, haki, kasa kwanciya, duk kamar ƙanwata aka kalla aka rubuta: gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zuciyar mai jego ta gaji. Ban jira an tashi ba, na hau mashin sai Yargoje.

A wannan karon ban yi gardama ba. Na durƙusa gaban Inna na fassara mata takardar, ta ɗauki mayafi ta ce a fito da ƙanwata. Kafin la'asar muna asibiti. Likita ya ce zuciyar ta raunana, ruwa ya taru a ƙirji, ya ba ta gado. Ta daɗe tana shan magani, amma ta tashi. Yau ɗiyar tata har ta shiga makaranta. Na gode wa Allah, na gode wa dattijon nan, ba na yin salla ban sa shi a addu'a ba. Har yau kuma in na duba abu ban gani ba, ba na cewa babu.

Rana ta uku da kwantar da ƙanwata, muna zaune a barandar asibiti, Inna ta ce in faɗa mata shekarar da aka rubuta takardar nan. Na faɗa, na kwatanta mata da zamanin da take budurwa. Ta ƙirga shekarun da yatsu. Sannan ta ba ni labarin yayarta, wadda ban taɓa sani ba sai suna. A jego ta rasu, ƙafafu a kumbure, aka ce iska ce.

"Ni nake dama mata kunun," in ji Inna. "Ashe a lokacin ma an rubuta."

Na riƙe hannunta. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in tashi in duba ko ƙanwata ta farka.