Ɓauren Baba a Bokitin Fenti

Da za a tace tarihin 'yan Adam kaf, a zubar da sarakuna da yaƙe-yaƙe da sauran tsaki, abin da zai kwanta a ƙasan ƙwarya bai wuce tambaya ɗaya ba: wa aka ba ajiya, kuma me ya yi da ita? Wasu garuruwa aka damƙa musu, wasu baitulmali, wasu marayu. Ni bokitin fenti aka ba ni, da itacen ɓaure a ciki wanda tsayinsa bai wuce ƙuguna ba.

Mai ajiyar wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, direba. Gida ɗaya muke haya a unguwar Muntazah cikin Doha, shi a hawa na ɗaya tare da wasu direbobi uku, ni a na biyu ni da littattafaina, ina karatun digiri na uku a kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu na malaman ƙasarmu. Baba nake ce masa. Shi kuma Dakta yake ce mini tun ban gama babi na biyu ba, ni kuwa ban taɓa gyara masa ba.

Ɓauren ba irin namu na bakin rafi ba ne, irin na Larabawa ne da ake sayarwa a kanti. Reshe ya roƙo a wata gona a Umm Salal inda yake kai kaya, ya kafa shi a bokiti, ya ajiye a saman bene gefen tankunan ruwa. Itacen ya taɓa yin 'ya'ya sau ɗaya kafin in tare a gidan, guda huɗu. Baba ya ci ɗaya, ya raba wa abokan ɗakinsa uku. Wata rana muna shan shayi a can sama ya nuna shi da haɓa ya ce, "Dakta, mota na kafil ne, ubangidan da ya tsaya mini na zauna a ƙasar nan. Ɗaki na kafil ne. Kati da ke aljihuna ma sunan kafil ke kai. Wannan kaɗai ni na shuka."

Da zai tafi gida hutun wata guda, a farkon shekarar da korona ta ɓulla, sai ya hau da ni sama ya yi mini bayani. Bayanin bai kai minti ɗaya ba.

"Ba wahala. Ka bar shi nan inda yake. Ruwa da safe, kalas."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda za ka tarar da shi ya fi haka."

"A'a, Dakta, kada ya fi. Ya zauna yadda yake."

Bai yi mako uku da tafiya ba aka rufe hanyoyi. Wata guda ya zama uku, daga nan kamfanin da yake wa tuƙi ya sallame shi yana can. Abin da ya rage masa a Doha akwati ɗaya ne a ƙarƙashin gadon wani, sai bokitin nan. Kowace Juma'a bayan an sauko zai turo mini saƙon murya, ya tambayi lafiyata da karatu da mutanen gida, sannan a ƙarshe, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, "To ya ɓaure? Ya fara 'ya'ya?"

Wata biyu na yi ina hawa da butar ruwa. Gidan hawa biyar ne, ba lifta. Da zafi ya kankama, irin zafin da ƙarfen matakala ke ƙona tafin hannu tun hantsi, sai tausayin itacen ya kama ni. Na ce ba adalci ba ne in kwana a cikin sanyi halittar Allah tana gasuwa a sama. Na rungumo bokitin na sauko da shi ɗakina, na ajiye shi kusa da taga. Haka na faɗa wa kaina a lokacin, kuma haka na rubuta a littafin da nake rubuta al'amuran yau da gobe. Yanzu da shekaru suka ja, zan iya faɗin gaskiya: matakalar ce ba na son hawa.

Tagar tawa bangon maƙwabta take kallo, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba na kashe ta dare da rana. Cikin wata guda ganye ya fara rawaya. Mutum mai hankali zai mayar da bokiti inda ya ɗauko shi. Ni kuwa mai bincike ne, kulle ya hana ni zuwa ɗakin karatu, ga intanet ba iyaka. Na zauna na fara karatun ɓaure.

Sai na tarar kusan duk masu rubutu a kan ɓaure mutanen ƙasashen sanyi ne. Abin ba mamaki. Wanda ɓaure ke zuba a bayan gidansa ba ya zama ya rubuta yadda ake yi; wanda ke roƙon rana kamar mai roƙon ruwa shi ke cika shafuka. Na duba lambar da ke jikin na'urata, na duba zafin bazarar waɗancan ƙasashe, na ga sun yi daidai. A nan na yanke hukuncin da har yau ban ga kuskure a mukaddimarsa ba: tun da yanayin ɗakina yanayin arewacin Turai ne, to fiƙihun arewacin Turai ne ya hau kan itacen da ke cikinsa.

Na bi mazhabar sau da ƙafa. Sun ce a jingina shi da bango mai riƙe zafi, na sayo baƙaƙen tayil na jera a bayansa. Sun ce a mayar masa da haske, na liƙe rabin bangon da takardar alminiyam ta girki. Na yi odar fitila mai haske ruwan hoda wadda aka ce tana maye gurbin rana, har mai gadin gidan ya ƙwanƙwasa ƙofata ya tambaya cikin ladabi ko lafiya. Sun ce a tsinke kan reshe bayan ganye na biyar, na tsinke, ina ƙirgawa da yatsa. Da sanyin Doha ya shigo, wanda a Jos ko rigar sanyi ba za a ɗauko masa ba, na naɗe shi da bargo na ɗaure da igiya, domin malaman sun yi ittifaƙi a kan haɗarin ƙanƙara. Duk wannan fa, tsakanina da ranar da ta fi kowace rana iya nunar da ɓaure hawa uku ne kawai.

A bazara ta biyu ya yi 'ya'ya tara, ƙanana, kore shar, masu tauri kamar goruba. Na yi murna kamar an ba ni takardar shaidar kammalawa. Na tura wa Baba hoto. Ya turo murya yana dariya yana hamdala, ina jin jikokinsa suna hayaniya a bayansa. Ya ce, "Saura mako uku, Dakta. In ya nuna ka ci a madadina. Amma ka turo in gani."

Mako uku suka wuce, shida suka wuce. Akwai wata dabara a littattafan, wai a ɗiga man zaitun a idon ɓauren da tsinke da auduga, yana gaggauta nuna. Na yi alwala, ban san dalili ba, na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sa wa jarirai kwalli. Bayan kwana huɗu, guda biyar suka faɗo. Sauran huɗun suka biyo su a mako na gaba, na tsince su a kan tayil, da taurinsu.

Juma'a ta zo, saƙo ya shigo. "Ya nuna?"

Na saurara sau uku. Sannan na sa takunkumi na sauka babban kanti na kan titi, na sayo ɗan kwalin ɓauren Turkiyya, manya, baƙaƙe sidik, suna sheƙi. Na zaɓi huɗu na jera a faranti, na ajiye farantin a gindin bokitin, na karkata wayar yadda alminiyam da fitila ba za su fito ba. Har ɗaya na ɓare gida biyu don a ga jan cikinsa. Ɗan Adam in zai yi ƙarya ya fi ƙwazo. Na tura, na rubuta a ƙasa: Alhamdu lillahi.

Ranar bai amsa ba. Washegari saƙo ya shigo, gajere. Ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya sake cewa, "Ikon Allah. Sannu da ƙoƙari, Dakta."

Daga wannan Juma'ar ya ci gaba da gaisuwa kamar kullum, lafiya, karatu, mutanen gida, amma bai sake tambayar ɓaure ba. Na ɗauka hankalinsa ne ya kwanta. Bahaushe ya ce mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa, ni ma ban tona ba.

Shekarar gasar cin kofin duniya, tun kafin zafi ya shigo, mai gidan ya aiko cewa ba zai sabunta haya ba. Za a yi wa ɗakunan fenti a sa wa baƙi masu zuwa kallon ƙwallo. Na samu gado a Madinat Khalifa, ɗaki ɗaya da ɗalibai biyu, inda ko akwatina sai a kan kabad. Itacen a lokacin ganyensa bakwai, na ƙirga. Na yi niyyar mayar da shi sama, sai na tarar an sa wa ƙofar saman kwaɗo.

A wasu garuruwa duhu ake jira a yi abin kunya. A Doha azahar ake jira, lokacin da ko kyanwa ba ta kan titi. Na sauko da bokitin na zagaya bayan gidan, wani lungu tsakanin bango da inda ake ajiye shara, ƙarƙashin bututun da ruwan na'urorin sanyi ke ɗiga. Na dire shi a kan ƙasa. Ban yi addu'a ba, ban waiwaya ba. Da na gaya wa Baba na tashi, shi bai tambaya ba, ni ne bakina ya ƙi zama, na ce, "Ɓauren ma na taho da shi, yana nan lafiya." Ya ce to madalla.

Ana saura 'yan makonni a fara gasar sai ga kira da lambar Qatar. Baba ne. An ɗebi direbobi masu yawa don jigilar 'yan kallo, ya samu shiga. "Na dawo, Dakta! Yaushe zan zo in gan ku?" Ku ɗin nan, ni da ɓaure yake nufi. Na ce ina gyaran babi na ƙarshe. Mako na gaba na ce mura. Na je har wurin masu sayar da shuke-shuke na tsaya gaban wani ɓaure mai tsayin ƙugu, na yi ta kallonsa, na tuna ba ni da bokitin, na juyo. Na tsara jawabin rasuwa: wata cuta ce ta saiwa, tana da suna a Latin, ba a yi mata magani.

Juma'a ta biyu da fara gasar, gari ya cika da tutoci da mutane masu fenti a fuska, na fito daga masallacin unguwarmu ina neman takalmina sai na ji, "Dakta!" Yana tsaye a inuwa da rigar aikinsa, ya rame kaɗan, gemun ya ƙara fari, da 'yar leda a hannu. Muka rungume juna. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni ina ƙara mata tsawo. Na tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har na tambayi damina.

Da gaisuwa ta ƙare na gyara murya na ce, "Baba, game da ɓauren nan..."

"Na gan shi."

Ya gyara riƙon ledarsa ya ci gaba.

"Na je tsohon gida in gaida mai gadi. Ya ce zo ka ga wani abu. Na ga bokitina. Ai ni na yi masa mariƙi da wayar lantarki, ko a lahira na gan shi na san shi." Ya ɗaga hannu sama da kansa. "Ya kai nan. Ya fasa gindin bokiti ya shiga ƙasa, ba mai ɗaga shi yanzu. Ni shekara nawa ina sabunta iƙama, katin zaman ƙasa, shi ya samu zama ba kafil."

Ya yi dariya har da tari. Ni ma na buɗe baki yadda masu dariya ke yi.

Na ce, "Baba, ban kyauta ba. Na..."

"Wa ya sa shi ƙarƙashin bututu?"

"Ni ne."

"To ai ka iya. Rana da safe, inuwa da yamma, ruwa na ɗiga. Karatu bai faɗi ƙasa banza ba." Ya dube ni ta saman tabarau. "Mai gadi ya ce da har bargo kake rufa masa. Ya ce da fitila irin ta gidan biki."

"Wata hanya ce ta... a ƙasashen sanyi..."

"Mhm. Sanyi." Ya share zufa a goshinsa da bayan hannu. "Yalla, karɓi. Na farko tsuntsaye da masu kwasar shara sun cinye, wannan na ƙarshen shekara ne. Shida na samu. Na ci ɗaya, mai gadi ɗaya. Huɗu naka ne, tun da huɗu ka saba ci."

Ya miƙo ledar. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Doha duk an shafe ta da siminti. Na zura hannu na ɗauko ɗaya, yana da ɗumi, ya yi laushi har ya ɗan tsage a gefe, zuma na tsatsafowa daga ido irin wanda na taɓa ɗiga wa man zaitun. Baba ya duba agogo, ya ce motarsa na jira, akwai wasa da yamma, sai wata Juma'ar. Ya tafi yana ɗingishin nan nasa na tsofaffin direbobi. Na tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi ina kallon abin da ke tafin hannuna.

Ɓauren Baba fari ne. Ko ya nuna ba ya baƙi.