Gadoji Uku na Kawu Niu

Shekara arba'in Kawu Niu ya yi yana gyaran matakalar gadojin dutse na garinmu. Idan ƙafafun mutane suka goge dutse ya yi santsi, sai ya zo da guduma da ƙarfen sassaƙa ya sake tsaga shi, don kada a zame ranar ruwa. Matarsa ta rasu tun ina firamare. 'Yarsa tilo, Xiulan, tana aiki a birnin Shenzhen mai nisa.

Ranar da ya cika sittin da shida na hango shi ta tagarmu, tsaye a gindin gadar farko cikin sabuwar riga. A irin wannan rana 'ya mace ke dafa wa mahaifinta nama yanka sittin da shida, ta riƙe hannunsa su haye gadoji uku, don ya ga ƙarshen shekarar lafiya.

Goggo Qu mai suyar awara ta ɗaga murya. "Kai tsoho, wannan ado fa? Amarya za a kawo maka?"

"Ji da awararki. Xiulan na hanya."

"Tun safe take hanya! Kunkuru ta hau?"

Ya yi dariya, ya gyara wuyan rigarsa.

Da tsakar rana mai babur ya miƙa masa kwano a leda. Naman ne, daga gidan abinci, Xiulan ta yi odarsa ta waya. Ya zauna a bakin ruwa ya ci yanka uku, ya rufe.

Ni magana da mutane wuya take mini. Shekara huɗu a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Sai da rana ta karkata na iya saukowa.

"Kawu, in raka ka?"

"Ke 'yar gidan Pu ce, ba tawa ba," ya ce a hankali. "Koma ciki, sanyi ya fara."

Ya kama dutsen gefen gada ya soma hawa, yana hutawa bayan kowane taki biyar saboda gwiwa. Na bi shi daga nesa. A ƙarƙashinmu kwale-kwalen 'yan yawon buɗe ido na wucewa, ana ta ɗaukar hoto.

Da ya sauka daga ta uku sai ya ciro waya ya kira Xiulan.

"Na haye, duka ukun. A'a, wane irin ni kaɗai? Rabin unguwa ne suka rako ni. Ki yi aikinki."

Na tsaya a bayan rumfar mai shayi har ya kashe wayar.